Cibiya a Wuya

A shekarar da ruwa ya ci Kwarin Gwaza, ya ci gonaki da rumbuna, ya ci makabarta da waɗanda ke kwance a cikinta, aka haife ni a cikin kwale-kwale, tsakanin buhun gero da akuya. Sunana Tunau. Ubana ruwan ya tafi da shi kafin in zo. Wata tsohuwa da ke cikin jirgin ta yanke mini cibiya da wuƙar gyaran kifi, ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga ƙasar da za ta cika tafin hannu ba.

Mutanen Kwarin Gwaza suna da al'ada. Cibiyar jariri a bayan ɗaki ake binne ta, ɗakin da yake nasu ba na aro ba, kuma mace ce ta gidan take binnewa da hannunta. Mutum ba ya binne tasa. Sun ce wanda ba a binne tasa ba, ƙafarsa ba ta zama. Daga baya na zauna a zaurukan malamai na garuruwa da yawa, na karanta abin da Allah ya nufe ni da karantawa, ban ga wannan magana a littafi ko ɗaya ba. Amma ga abin da na sani. Tun ina yaro, kullum gari zai waye mini ina tsaye, takalmi a ƙafa, fuskata tana kallon hanya, ban san lokacin da na tashi ba.

Uwata Gwamma ta shanya cibiyar, ta kai wa baduku ya ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, ta rataya mini a wuya. Ba ta sake samun ɗakin kanta ba. Ta yi surfe a gidajen mutane, ta yi wankau, muka kwana a rumfunan kasuwa har gemuna ya fara tsirowa. Ranar da za ta rasu, a wani zauren aro, ta kama layar ta jawo ni kusa.

Ta ce, "Tunau, ni na kasa. Ka nemi ɗaki, ka nemi hannu. Kada ka mutu da ita a wuya."

Bayan an rufe ta na ji fatake suna labarin Birnin Manda, inda ba a taɓa jin kuka ba. Na ce a raina, inda babu kuka ai nan daɗi ya sauka. Na bi ayarin gishiri, muka keta rairayi har leɓɓanmu suka tsage, ran nan da hantsi muka hango birnin yana ƙyalli kamar an kifa faranti a rana.

Da kantun gishiri aka gina shi, ganuwa da fada da banɗaki. Ba a ruwan sama a can. Ruwan sha daga nesa ake kawo shi cikin salka, kuma a kan buzu ake sha don kada ya ɗiga. Kuka babban laifi ne, don hawaye yana cin bango. Dogarai suna yawo lungu-lungu suna shafa katanga da yatsa, suna neman danshi. Kowa ka gani yana murmushi, irin murmushin wanda ya taka ƙaya a gaban surukansa.

Na sami aikin sassaƙa kantu, na kama ɗaki. Don in gwada ƙasar na binne ƙwallon dabino a bayan ɗakin. Da safe na tarar da shi a sama, fes, kamar an tofo shi. Ƙasar Manda ba ta karɓar komai.

Maƙwabciyata wata bazawara ce mai suyar ƙosai, sunanta Marka, doguwa, mai kaifin baki. Ita kaɗai ce a unguwar ba ta murmushi.

Takan ce, "Mai laya, yau ma ka kwana a tsaye? Ai da jaki aka yi ka da ka huta da sayen tabarma."

Uwarta ta rasu, Marka ta daure aka kai ta, ta daure aka yi zaman makoki irin nasu, wanda ake yi da raha. Sai bayan kwanaki, tana neman wani abu a cikin ƙwarya, ta ci karo da ludayin uwar. Ina zaune a ɗakina na ga bangon da ke tsakaninmu yana yin haske, yana sirancewa, har na fara ganin inuwarta, har na ga fuskarta. Kafin in sami abin toshewa dogarai sun iso.

Hukuncin mai kuka a Manda shi ne a tsare shi a kurkuku har ayari ya tashi, sannan a kai shi tsakiyar rairayi a bar shi ba salka. Kurkukun yana jikin ganuwar gabas. An yarda a kai wa 'yan sarƙa abinci, amma ana bincike, ba a shiga da ƙarfe, ba a shiga da ruwa. Na je wurin fataken da suka kawo ni na sayi kwandon albasa, abin da mutanen Manda ba su taɓa gani ba.

Babban dogari ya ɗauki ɗaya ya juya ta. Ya ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ɗan itacen ƙasarmu ne, ranka ya daɗe. Sadaka ce."

Ya shinshina ɓawon, ya ɗaure fuska da murmushinsa, ya ce a shigar.

Marka ta san albasa, don uwarta baƙuwa ce a garin. Da rana ta take, dogarai suka shiga inuwa, ta jera 'yan sarƙan suna fuskantar bango, goshi a jikin gishiri, ta ce kowa ya fasa tasa da haƙori. Albasa ƙofa kawai ta buɗe. Abin da ya biyo baya ba nata ba ne. Akwai tsoho a cikinsu da ya riƙe kukan ɗansa tun yana da baƙin gashi. Ina tsaye a bayan ganuwa da raƙumin aro na ji bangon yana tsiyaya, kafin la'asar ya huje, mutane suka fito ɗaya bayan ɗaya da jajayen idanu, suka watsu.

Marka ta hau bayana tana jan majina, ludayin uwarta a soke a ɗamararta. Ta ce, "Ashe kana da amfani."

A ƙauyen farko da muka sami liman aka ɗaura mana aure. Na ba ta labarin layar. Ta juya ta a tafin hannunta, ta ce, "To hannu ya samu. Saura ɗaki." Ta yage gefen zanenta, ta ɗaure ƙafata da tata, don kada gari ya waye in bar ta. Haka muka riƙa kwana daga ranar.

Muka gangara kudu, inda ƙasa take kore, muka isa Garin Lale. Tun daga nesa aka tarye mu da ruwan sanyi, masu gidaje suna ja-in-ja a kanmu. Wani attajiri mai suna Korau ya yi nasara, ya kai mu gidansa, ya ba mu ɗaki mai daɓe ja da gado da labule. A Lale girman mutum yawan baƙinsa ne. Baƙo ba ya riƙe fartanya, ba ya taɓa taɓarya, ba ya hura wuta. Safe da yamma akushi yana zuwa da nama a kai. Watan farko na ce wa Marka mun iso.

Ta ce, "Tambayi tsohon can na ɗakin kusa yaushe ya zo."

Na tambaye shi. Ya ce shi bai zo ba, kakansa ne ya zo. A nan aka haifi ubansa, a nan aka haife shi, kuma har yau da safe Korau yakan leƙo ya ce masa ya gajiyar hanya.

Na je na yi wa Korau godiya, na ce za mu wuce. Fuskarsa ta faɗi. Ya ce, "Haba Tunau, tun yanzu? Ko wani abu aka yi muku? Ku bari sai gobe." Ƙofar gari kuwa ba ta buɗe wa baƙo sai mai masaukinsa ya rako shi. Goben Korau ta ɗauki shekaru.

A nan Marka ta haifi 'yarmu, muka sa mata Yalwa. Matar Korau ta karɓi cibiyarta da fara'a ta kai kogi ta jefa, don haka ake yi wa ta ɗan baƙo. Yalwa ta yi wayo, ta fara tafiya tana riƙe da bango, tana kiran kowane namiji Baba, har Korau. Sai ƙyanda ta shigo garin, ta ɗauke Yalwa.

Korau ya yi kuka na gaskiya, na ga hawayensa. Ya kawo likkafani mafi kyau da ke cikin adakarsa. Na roƙe shi ƙasa, taku biyu kawai, ko a bayan garke.

Ya ce, "Tunau, roƙe ni doki, roƙe ni gidan nan. Me za a ce da ni? A ce baƙon Korau ya haƙa rami? Baƙo ba a binne shi, ai tafiya zai yi."

Aka sa ta a ɗan ƙaramin jirgi aka tura a kogi, yadda suke yi wa baƙi. Na tsaya har ya sha kwana. Marka ba ta yi kuka ba, wannan ne ya tsorata ni.

Kwanakin da suka biyo na ga tana zuwa bargar dawaki tana dawowa da gero a ƙulle a bakin zane. Ta samo duwatsu biyu, ta riƙa niƙawa a hankali a ƙarƙashin gado. Ranar sadakar bakwai Korau ya zo ɗakinmu gaisuwa tare da manyan unguwa. Marka ta dama gumba a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa masa da ludayin uwarta.

Ta ce, "Sadakar Yalwa ce."

Ba mai mayar da sadakar mamaci. Ya sha ludayi ɗaya, ya sha na biyu. Marka ta miƙe ta ɗaga murya yadda na waje za su ji.

"Lale, lale da baƙo. Ka ci abin da hannuna ya yi, a ƙarƙashin rufin da nake kwana. Ya gajiyar hanya, Korau?"

Dokar Lale ke nan, kuma su suka yi ta: wanda ya ci abin hannunka a ɗakinka baƙonka ne. Daga ranar Korau ba zai taɓa mabuɗi ba, ba zai je gona ba, ba zai fita ba sai da rakiyar Marka. Wani dattijo ya tashi yana gyara hula, ya ce doka doka ce. Korau ya dubi ludayin da ke hannunsa.

Ya ce, "Me kike so, uwar ɗakina?"

Ta ce, "Ƙofa. Ka raka mu, mu raka ka. A bakinta kowa ya sallami baƙonsa."

Haka aka yi. Sai da muka yi nisa, garin ya ɓace a bayan itatuwa, sannan ta zauna a gefen hanya ta yi kukan, babu bangon da zai narke.

Daga nan shekaru suka yi ta wucewa da mu. Mun zauna da mutanen da ke kwana a rataye cikin raga don ƙasarsu tana cizo. Mun zauna a garin da ke tashi duk kaka ya bi fara. Mun ga tsibirin da ake biyan haya da inuwa. Ko'ina akwai abin da ya hana: ko ɗakin ba namu ba ne, ko ƙasar ba ta haƙuwa. Furfura ta fito mini, ƙafafun Marka suka fara kumbura. Ta daina yi mini ba'a, sai na gane ta gaji.

Ran nan da yamma muka iso Birnin Gurbi. A bakin ƙofar gabas akwai babbar kanya, a ƙarƙashinta mai tsaron ƙofa yana zaune, ya bayyana mana al'adar garin. A Gurbi ba a mutuwa. In mutum ya kwanta dama, ana kai gangar jikin daji, amma sunansa da ɗakinsa da gonarsa da iyalinsa suna nan suna jiran baƙo. Baƙon da ya karɓa zai ajiye sunansa a bakin ƙofa, ya shiga ya zama wancan. Ba zai sake sanin kowa na baya ba, in ya nuna ya sani a kore shi. Marar gurbi kuwa ba ya kwana a cikin gari, ba ya aure a cikinsa.

Na ce, "Akwai gurbi?"

Ya ce, "Na mace ɗaya. Tasalla mai kitso. Mijinta ya sake ta tun da daɗewa, sai ita da 'yarta."

Yana rufe baki wata yarinya ta fito daga bayan ƙyaure, kanta a tsefe, duk ya cukurkuɗe. Da Yalwa ta rayu da sun yi tsawo ɗaya. Ta zo kai tsaye ta kama zanen Marka.

Ta ce, "Inna, kin daɗe."

Mai ƙofa ya ce sunanta Dela, kuma kullum nan take wuni.

Muka koma gefe ni da Marka. Ba ta dube ni ba, hannunta yana kan yarinyar, yatsunta sun riga sun fara warware gashin.

Na ce, "Shiga."

Ta ce, "Kai fa?"

"Ina nan."

"Kai? Kana nan? Wa zai ɗaure maka ƙafa?"

Na nuna mata kanyar. Ta kwance tsumman daga ɗamararta ta ba ni, ta ce, "Ƙulli biyu ake yi, na ɗaya kana kwance shi cikin barci." Ta ajiye sunanta ta shiga.

Ƙasar da ke wajen ganuwa ba ta kowa ba ce. Na kafa bukka a gindin kanyar, ina ɗaure ƙafata a saiwarta. Da damina ta rushe bukkar na gina ɗaki na ƙasa. Na haƙa rijiya don nisan rafi, matafiya suka fara tsayawa shan ruwa. Na sayi akuya. Ina saran itace ina kasawa a bakin ƙofa, ranar kasuwa kuma Tasalla mai kitso takan fito saye.

Takan ce, "Baƙo, itacen nan naka ɗanye ne, hayaƙi kawai gare shi, kamar mai shi."

"A rage miki, uwar Dela."

"Rage mini me? Ka dai ci abinci, ka zama kamar muciya."

Idonta yakan sauka kan idon ƙafata, ta ga shaidar ɗauri, sannan ta ɗauki itacen. Sau da yawa takan manta ƙullin ƙosai a kan dutsen da nake zama. Wannan ne rabona na mako, kuma ban raina shi ba.

Gurabe na maza sun yi ta faɗuwa. Da maƙerin garin ya kwanta dama mai ƙofa ya zo da kansa, ya ce ga gida mai soro, ga mata, ga 'ya'ya manya.

Ya ce, "Ba kai ne mai neman gida ba?"

Na ce, "Ni ne."

"To?"

"Ƙirar ce ban iya ba."

Ya dube ni, ya dubi hanyar kasuwa, ya tafi.

Dela ta girma, na ji kiɗan bikinta daga bayan ganuwa. Da ta haihu, masu ɗiban ruwa suka ce abin mamaki, Tasalla ta ƙi a jefar da cibiyar jaririn, ta haƙa rami a bayan ɗaki da hannunta ta binne. Bayan wannan ta daina fitowa kasuwa. Na ji an ce tari ne.

Wata ranar bazara, da hantsi, na gan ta tana fitowa daga ƙofa tana dafa bango, ba ta ɗauke da komai sai ludayi. Tafiyar da yaro zai yi da gudu ɗaya sai da ta huta a cikinta. Na tashi zan tare ta, ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Na mayar musu da Tasallarsu. Yarinya ta yi ɗaki, ta yi ɗa. Kira ni in ji."

Na ce, "Marka."

Ta ce, "Haka ne." Ta dubi ɗakin sama da ƙasa. "Wannan ne? Duk shekarun nan ko daɓe ba ka yi ba. Naka ne?"

"Nawa ne."

"Ba aro ba?"

"Ba aro ba."

"Kawo."

Na cire layar daga wuyana. Igiyar ta yi mini zane a fata, wurin ya yi fari. Ta karɓa ta damƙe.

Ta ce, "Bari rana ta yi sanyi. Ka zuba ruwa a bayan ɗaki ƙasar ta yi laushi, hannuna ba kamar da ba. Zan ɗan kishingiɗa."

Na shimfiɗa mata tabarma, na je na yi ta jan ruwa ina zubawa har wurin ya jiƙe sosai. Da la'asar na shiga in tashe ta. Na kira sunan da ta ce in kira, na sake kira.

Mutanen Gurbi ba sa zuwa jana'iza, don a wurinsu ba wanda ya mutu. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina tunanin wa zai yi mata wanka, sai ga Dela da goyo, ta ratso ƙofar gari mai tsaro yana kiranta ba ta waiwaya ba. Ta durƙusa a gabana.

Ta ce, "Ba don Tasalla na zo ba. Tasalla an ce wata baƙuwa za ta karɓa. Na zo ne don wadda ta tsefe mini kai. Baba, yaya sunanta?"

Na gaya mata. Ta maimaita shi a hankali, ta kwance goyon ta miƙo mini, ta shiga.

Can ta leƙo. Ta ce, "Baba, akwai abu a hannunta na dama. Na yi na yi, ya ƙi buɗuwa."

Na ce, "Bar mata."

Wasu fatake da suka sauka a bakin rijiya suka taya ni haƙa, a bayan ɗakin, inda na jiƙa. Ƙasar ta yi laushi. Madugunsu ya ja salla, muka sa ta, muka mayar da ƙasa. Dela ta kafa ludayin a wajen kai, ta karɓi ɗanta ta koma gari. Na shiga ɗaki na kwanta a kan tabarmar, ban tuna da tsumman ba.

Zafin rana a fuskata ne ya tashe ni. Ina kwance. Takalmana suna bakin ƙofa inda na cire su, akuya tana tsaye a kansu tana tauna tsumman. Daga wajen rijiya wani yana ta rafka sallama.

"Salamu alaikum! Masu gida! A taimaka mana da guga."

Na amsa, na ɗauki gugan na fita.